Rigar Madam de Brissac-Lunel

Rana ta kusa faɗuwa Madam Perrine, mai shagon gyaran tsofaffin riguna a Liyon ta Faransa, ta miƙa wa ma'aikaciyarta Solange kwali.

"Kai wannan gidan kan tudu. Kada ki ba kowa sai matar gidan."

Wata uku Solange ta yi tana ɗinke rigar da ke cikin kwalin, shuɗiyar siliki mai zaren azurfa, wadda ta haura shekara ɗari biyu. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, ba a taɓa aiken ma'aikaciya da kaya ba. Perrine ce ke kaiwa da kanta.

Wata tsohuwa doguwa ta buɗe mata ƙofa. Babu mai aiki, babu ko kyanwa. Gidan sai warin kafur da daɗaɗɗen turare.

"Ni ce Madam de Brissac-Lunel. Shigo, 'yan nan."

A falo riguna shida suna tsaye a jere, na matan fada, kowace ta cika fam kamar da mutum a ciki.

Tsohuwar ta zaro shuɗiyar rigar daga kwalin. "Saka ta in ga zamanta."

"Ranki ya daɗe, mu ba ma sa kayan mutane."

"Kunya kike ji? Ni sa'ar kakarki ce. Saka."

Solange ta saka, ba da son ranta ba. Rigar ta zauna mata cif, kamar da jikinta aka auna. Tsohuwar ta zaga bayanta tana jan igiyoyin. Yatsunta sanyi ƙalau.

Idon Solange ya faɗa kan rigar da ke kusa. Ɗinkin hannun rigar sabo ne. Ta san shi. Na Armelle ne, wadda ta riga ta aiki a shagon, aka ce ta koma garinsu ba sallama.

Ta leƙa ƙasan rigar. Babu itacen da ya riƙe ta.

Ƙirjin rigar ya ɗaga. Ya sauka.

"Gudu," wata murya ta raɗa daga cikin silikin.

Igiya ta ƙara matsewa. Haƙarƙarin Solange ya yi ƙas.

"Tsaya cak," in ji tsohuwar. "Saura kaɗan."

Solange ta laluba aljihun siket ɗinta da ke ƙarƙashin rigar, ta zaro almakashi, ta tsarge rigar daga wuya har ciki. Silikin ya yi ƙara irin ta mace. Ta fice a guje, shuu, shuu ɗin siliki na bin ta har bakin titi.

Washegari ta je shago kwasar kayanta. Ta tarar da Perrine da tef a hannu, tana auna ƙugun wata sabuwar yarinya mai neman aiki.

Perrine ta ɗago kai. Tef ɗin ya suɓuce mata.

"Ke... kin dawo?"

 Solange ta kama hannun yarinyar.

"Ƙanwata, ɗauki jakarki. An riga an ɗauki wata."