Layin da Liman Bai Rubuta Ba

Ranar da aka buɗe takardar gonar marigayi Aminu a gaban mai gari, sai aka iske layi ɗaya ya ƙaru a ƙasanta, wai ya sayar wa maƙwabcinsa Jibrin da gonar har da rijiyar ciki. Matarsa Maimuna ta rantse babu wannan layin a da. Limamin da ya rubuta takardar da ajami kuwa ya rasu.

Maimuna ta hau motar kasuwa zuwa Tanout, ta kai ƙara wajen jandarma.

"Ranka ya daɗe, in aka karɓe gonar nan, da me zan ci da ƴaƴa huɗu?"

Ajidan Falalu, jandarman da ya karɓi ƙarar, mutum ne mai taurin kai, kuma maganar ta taɓa shi. Mutum uku ne suka taɓa riƙe takardar: Jibrin, da Abdulmajid sakataren mai gari, da Safiyanu ƙanen mamacin. Ga ido dai, rubutun duk baƙi ne iri ɗaya.

Ya tuna wani gwaji na zamanin makaranta. Ya yanko ɗigo daga tsohon rubutun da ɗigo daga sabon, ya manna a takardar kaye, wato littafin rubutun ƴan makaranta, ya tsoma gindinta a ruwa. Duka biyun suka jagwalgwale, suka zama toka-toka. Haushi ya kama shi, ya kwashi kayansa sai wajen Malama Sadiya mai koyar da kimiyya a lise, wato makarantar sakandare.

Ta yi dariya son ranta. "Ajidan, ka haɗa abin da bai dace ba. Tawadar liman gawayi ce da ƙaro, ruwa kuwa narkar da ƙaro yake, sai komai ya tafi tare. Takardar kaye kuma santsi gare ta, ba ta riƙe komai. Kana son ruwan da zai ɗauki wani abu ya bar wani, da takardar da za ta riƙe."

Ta ɗauko takardar tacewa da alkol, wato sifirit, wanda ba ya narkar da ƙaro, suka sake yanko ɗigo biyu suka manna. Suka zuba ido alkol yana hawa. Ɗigon liman bai motsa ba. Daga sabon kuwa wani launi shunayya ya fito, ya yi sama ya bar baƙin a ƙasa.

"Wannan maganin ciwon dabbobi ne," in ji ta. "Wani ya zuba shi a tawadarsa."

Falalu ya koma ƙauyen, ya miƙa wa Jibrin takardar. Jibrin ya riƙe ta a juye, ashe ko harafi bai sani ba. Abdulmajid kuwa Faransanci kawai yake rubutawa, da bik, wato biro, ba da tawada ba.

Safiyanu yana garke. Kowane rago da sunan Safiyanu rubuce a gefensa, da ajami.

"Malam Safiyanu, tawada ba ta gogewa a jikin rago?"

"Ai ni nawa dabara ce, ranka ya daɗe. Maganin ciwo nake ƙara mata, sai ta kama."

"Kurtun tawada nawa gare ka?"

"Ɗaya."

Sai da ya faɗa ya gane ya tona kansa. Falalu ya gwada tawadar kurtun a gaban mai gari, launin shunayya ya hau daidai inda na takardar ya tsaya.

"Kurtun da kake yi wa raguna alama da shi, da shi ka rubuta layin nan," in ji Falalu. "Me Jibrin ya yi maka alkawari?"

Safiyanu ya sunkuyar da kai. "Shayar da garkena a rijiyar, duk rani."

Maimuna ta juyo ta dube shi.

"Haba Safiyanu! Ruwa? Rijiyar yayanka ce fa. Da ka tambaye ni, da na ba ka har da guga."