Shatin Yatsa a Ƙarƙashin Fiffike

Ranar uku ga Sallah masu haɗa ƙananan jiragen sama irin na da sukan hau rufin benenmu a Alƙahira, kowa ya baje kyautar da ya samu. Ni mai gadin benen, da na ga yaƙi biyu ko ƙwarzane ban yi ba, babu abin da ke wuce idona.

A nan Ramzi ya fara ganin Nermin. Kowa na ihun kwalinsa, ita tana tsaye da nata kamar an dasa ta. Jirgi ne mai fiffike hawa biyu, wanda ta ba yayanta Wagdi a Sallar bara. Ya haɗa rabi, mota ta kashe shi. Tun ranar ba ta yi kuka ba, ba ta yi dariya ba.

"Mai so ya ɗauka," in ji ta.

"Aro dai, Kyaftin," in ji Ramzi. "Zan ƙarasa in dawo da shi."

Ta ɗaga kafaɗa. Ta nuna masa inda babban yatsan Wagdi ya fito a busasshen gam, ƙarƙashin fiffike, ta sauka.

Kullum sai ya turo saƙo. "Kyaftin, yau na sa farfela. Kin ci abinci?"

"Na ci."

Da mahaifinta Usta Safwat ya ji, ya ce, "Gardi da wasan yara? Ga ɗan baffanki mai kantin magani." Ta ce to, kamar an tambaye ta gishiri.

Sai ga saƙo: "Na gama fenti."

Ta san ƙa'idar masu haɗa jiragen, ba a fenti sai an goge duk shatin yatsa. Ta kife wayar, ba ta ƙara amsawa ba.

Duk da haka Ramzi ya zo neman aure da kawunsa, kwali a hammata. Ni na buɗe musu ƙofa, na bi su sama, don ba a babbar magana a benen nan babu ni.

"Nermin, gahawa," in ji Usta Safwat. "Ba sukari."

Gahawar makoki ke nan, alamar ba za a ba shi ba. Kawun ya fara laluben takalminsa.

"Baba, amana kawai zan mayar," in ji Ramzi.

Ya ciro jirgin, ya kifa shi. Ko'ina fentin azurfa na sheƙi, sai wuri ɗaya da bai kai kwabo ba, babu fenti. Yatsan Wagdi na nan.

Tsohon ya ɗora nasa yatsan a kai, ya daɗe.

"Kullum sai na ce masa yana cika gam," ya ce.

Nermin ta ajiye tiren. Sai kuka, na shekara guda.

"Kwashe kofunan nan, 'yata. Kawo jan sharbat na baiko." Ya dubi Ramzi. "Kai kuma farfelarka a karkace take."

Sallar da ta zagayo aka ɗaura aure. Jirgin na rataye a falonsu, kuma ni na buga ƙusar, har yau ko motsi ba ta yi ba. Allah ya ba su zuri'a mai albarka.