Raka Ni, Auta

Mama na kan keken ɗinki labarin ya same ta. Ƙawar 'yarta Auta ce ta kira daga jami'a. Ta ce Auta ta je har ƙofar ɗakin jarrabawa ta kasa shiga, ta durƙushe tana cewa numfashinta zai ɗauke. Kuma tun rasuwar babanta take haka.

Mama ta bar allura cake a rigar mutane, ta fita neman mota.

Ta tarar da Auta kwance a ɗakinsu na makaranta, ta rame, ta cinye farcenta har nama. Da ganin uwar sai ta ƙirƙiro murmushi.

"Lafiyata ƙalau, Mama... gajiya ce kawai."

Maganar gidansu ke nan. Haka marigayi baban Auta ya yi ta faɗa yana dafe da ƙirji, don kada hankalin matarsa ya tashi, har ranar da ya faɗi a tsakar gida.

Mama ta zauna bakin gado tana lallashi. Ƙawar ta gaya mata akwai likitar masu damuwa a asibitin makaranta. Auta ta ce ko kusa, za a ce ta haukace, saurayinta ya ji ya gudu. Mama ta ce wannan mai faɗin kunnen? Ai ko kora aka yi masa ba inda za shi, ga shi can bakin ƙofa tsaye kamar mai gadi. Auta ta kusa dariya, amma ta juya fuska bango.

Mama ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"To ni ki raka ni."

"Ke, Mama? Me ya same ki?"

"Tun da babanki ya tafi, in na taka keke ƙafata rawa take. Ina ɗinki ina warwarewa. Na rasa shi saboda 'lafiyata ƙalau', 'yar lelena... ba zan iya rasa ki haka ba."

Auta ta faɗa jikinta, suka yi kukan da kowacce ke ɓoye wa 'yar'uwarta.

Washegari Mama ce ta fara shiga wajen likitar. Da ta fito idanunta jajur, Auta ta dube ta, ta miƙa mata jakarta ta riƙe, ta tura ƙofar da kanta.

Har yanzu Auta na zuwa wajen likitar. Wata rana da sauƙi, wata rana sai a hankali.

Ita kuwa Mama, kullum da safe takan zauna a kujerar marigayi, ta ɗora hannu a ƙirji, ta ja numfashi yadda likita ta koya musu. Da yake rubutu na ba ta wuya, sai ta danna waya ta aika da murya:

"Na yi nawa, Auta. Saura ke."