Tokumbo daga Japan

Bayan isha'i Terkimbi ya saka sakata a ƙofar shagonsa na gyaran kwamfuta a Bukan Sidi, ya zauna gaban wata kwamfuta tokumbo, wato ta hannu, da ta zo daga Japan. Wanda ya saye ta zai zo da safe, kuma sai an goge komai na tsohon mai ita.

Ya buɗe baƙin allon rubuta umarni, ya nemi bayanin umarnin gogewa. Bayanin ya fito da Japananci. Bai gane ko harafi ɗaya ba.

"Sannu da aiki, mai shago," in ji wata murya a bayansa. Hausar tsaf take, amma babu numfashi a cikinta. "Rubutun cewa ya yi abin da aka goge ba ya dawowa."

"Oga, mun tashi," in ji Terkimbi, bai waiwaya ba.

"Hotunan 'yata suna ciki. Ɗaga yatsanka."

A cikin baƙin allon ya ga fuskarsa, ya ga sakatar tana nan yadda ya bar ta, bai ga kowa ba. Sai maɓallin da ke gefen yatsansa ya lotsa da kansa, bayanin ya gangara layi ɗaya.