Latas Mai Jan Ganye

Wata yarinya ce take zaune da mahaifiyarta a cikin kwari, kusa da garin Huonville, can kudancin duniya, inda sanyin hunturu kan kai har Oktoba. Babanta ya rasu bara. Ya bar musu irin wani latas mai jan ganye, wanda ba a samunsa a kanti. Mama ta yafa irin duka a rumfar leda, tana jiran lokacin dashe.

Ran nan a motar makaranta, Angus, jikan Baba Griggs na kan tudu, ya ce, "Mu tuni muka dasa. Ku 'yan kwari barci kuke yi?"

Ran yarinya ya ɓaci. Tana shiga gida ta ce, "Mama, mu dasa yau."

"Satumba muke. Sai ƙarshen Oktoba."

"Ai su Angus sun dasa."

"Angus ne ya haife ki? Na ce a'a."

Ran Asabar Mama ta tafi kasuwa. Yarinya ta kwashe dashen kaf, ta dasa a fili. Mama ta dawo a gajiye, ba ta leƙa lambu ba.

Da gari ya waye, raɓa ta daskare, ciyawa ta yi fari fat. Rana na fitowa ganyen ya yi baƙi, ya kwanta.

Mama ta tsaya, hannu a ƙugu. "Irin ubanki ke nan kika kashe. Sanyi gangarowa yake kamar ruwa, ya kwana a kwari. Griggs yana sama, mu muna ƙasa. Kin tambaya?"

"Ke ma kin taɓa gaya min? A'a kawai kika iya."

Mama ta sake duban ganyen. Can ta ce, "Sa takalminki."

Suka hau tudu, zuwa gidan Baba Griggs. Ashe baban ya taɓa ba Baba Griggs irin.

Da tsohon ya ji abin da ya faru, ya miƙo wa Mama irin, ya ce, "Ɗauki, kyauta."

"Ba roƙo na zo ba. Wannan mai kunnen ƙashin za ta cire maka ciyawa."

"To, har bazara."

"Bazara? Gonar ka sayar min? Asabar biyu."

Yarinya ta cire ciyawa, Angus yana tsokanarta, ba ta kula shi ba.

Ƙarshen Oktoba suka dasa tare. Latas ya yi ja, ya yi kai, har ya ba da sabon iri.

Mama ta ce, "Kada ki yi abu don wani ya yi. Ƙasarsa daban, taki daban. In ba ki gane ba, ki tambaye ni dalili. Ni kuma zan faɗa."