Sunan da Na Ƙi Kira a Bakin Nilu

Ranar Laraba ce, rana na shirin faɗawa bayan tudun yashi, na ce wa Dahab mijin 'yata ya naɗe guzana a bargo ya biyo ni bakin kogi.

"Inna, mu bari mana sai da safe. Magariba fa ta kawo kai."

"Da kake ɗura masa maɗi ka duba lokaci? Ɗauko shi."

Shekara goma sha ɗaya guzan nan yana tsakar gidana. Na tsince shi bai fi tafin hannu ba, shirwa ta yar da shi gefen kwale-kwalen marigayi maigidana, na sa masa suna Sarhan. Ban yi makaranta ba, amma babu likitan dabbobin da zai koya mini ciyar da guza. Abin kogi, abincin kogi yake ci: ƙaramin kifi da kansa da ƙayarsa, dodon koɗi da ƙwansonsa, ƙaguwa, fara, ƙwai da ɓawonsa sau ɗaya a mako. Ya ci kwana biyu, rana ta uku ya kwana da yunwa. Shan hantsi kuma dole ne, a kan dutse, har bayansa ya ɗau zafi. Dabbar da ba ta ci ƙashi ba, ina za ta samo nata?

Sai aka yi mini aikin ido a Aswan, na zauna wajen ƙanwata wata biyar. Dahab sana'arsa kawo baƙi 'yan yawon buɗe ido a jirgin ruwa, su sha shayi, su ɗauki hoto. Lafiyayyen guza kuwa cizo yake, ya zabga maka wutsiya. Sai mutumin nan ya kulle Sarhan a ɗakin ajiya mai duhu, yana ba shi gurasa jiƙe da maɗin rake, da fatar kaza, da alewar riɗi, har ya koma kamar matashin kai, kowane baƙo ya rataya shi a kafaɗa.

Da na dawo na taɓa muƙamuƙinsa, sai yatsana ya lume kamar a ƙullun gurasa. Ƙafafunsa sun lanƙwashe. Na ajiye masa dodon koɗi, ya ɗauka, ya kasa fasawa, ya dube ni.

"Ƙiba ce, Inna," in ji Dahab, yana dariya. "Ya fi ni jin daɗi a gidan nan."

Ban ɗaga murya ba. Mako uku ina jinyar guzan, ranar nan numfashinsa ya fara sarƙewa. Abin da kogi ya ba ka aro, da ransa kake mayarwa.

Muka gangara ta cikin dabinai. Dahab na haki a bayana, silifas ɗinsa na ƙara, fat, fat. Hayaƙin murhu na tashi daga gidaje, kwaɗi sun cika wurin da kuka.

Uwata ta koya mini, ita ma uwarta ta koya mata: macen da ta sauka kogi da magariba, ta watsa sukari cikin ruwa, ta gaida mutanen ruwa, sannan ta kira sunan duk wanda ya zo tare da ita, don a san nata ne. Dahab a Alƙahira ya girma. Bai san wannan ba.

Na watsa sukarin. Na ce, "Barkanku da yamma. Ni ce Nabra 'yar Fana. Na zo da Sarhan."

Na rufe bakina.

Kwaɗin suka yi tsit, gaba ɗaya, kamar an kife su da tukunya.

Wani ƙarni ya taso, irin na taɓon da ya shekara bai ga rana ba. Sai wata ƙara daga cikin ciyayi. Ƙas. Ƙas. Na san ƙarar nan. Haka Sarhan ke fasa dodon koɗi lokacin da yake da baki.

Mace ce zaune cikin ruwa zuwa ƙugu, ta ba mu baya. Tana lalubo koɗi a ƙasa, tana kaiwa baki. Ruwan da ke kewaye da ita ba ya motsi, alhali kogi na gudu.

"Inna," Dahab ya raɗa, "wacece wannan?"

"Shiga ka sauke shi."

Ya taka ruwa zuwa gwiwa. Ya sunkuya. Ban ga lokacin da ta juyo ba. Na dai ga bargon a hannunta, tana shafa bakin guzan da yatsu masu tsawon ludayi. Harshenta ya fito, baƙi, tsage biyu, ya ɗanɗani iska ya koma.

"Wa ya ciyar da shi?"

Muryarta a hankali take, kamar ruwa na shiga tulu.

Dahab ya yunƙura zai fito. Taɓo ya riƙe shi. Ta saki guzan cikin ruwa, ta kama hannunsa na dama.

"Nabra 'yar Fana. Wannan naki ne? Ban ji sunansa ba."

Na gyara zaman mayafina.

Babu ƙarar karaya. Yatsunsa dai suka zube, ɗaya bayan ɗaya, kamar kyandir a rana.

"Inna!"

Wuyan hannu ya bi.

"Inna, don girman Allah. Na tuba. Ki yi magana."

Gwiwar hannu ta naɗe ta baya. Ya daina ihu, sai haƙoransa ke haɗuwa.

"Sakina," ya ce. "Inna, Sakina."

Sakina 'yata, da cikin wata bakwai, tana gida ta ɗora waken lubiya a wuta tana jiran mu.

Yatsun matar suka hau kafaɗa, suna neman wuya.

"Nawa ne," na ce. "Dahab ɗan Jabir, mijin 'yata. Nawa ne."

Ta sake shi. Ya faɗi ruf da ciki. Na shiga na kama wuyan rigarsa ina ja, da tsufana.

"Ke kuma," ta ce, dab da kunnena, "a hannun wannan kika bar mini guzan."

Wani abu mai sanyi ya kama mayafina ta baya. Wuyana ya shaƙe. Na ga ruwa na matsowa fuskata.

Daga tsallaken kogi ladan ya ɗaga murya da kiran sallar magariba.

Na kwance mayafin, na bar mata. Na ja Dahab har gindin dabino, kaina a buɗe, ban waiwaya ba.

Hannun nan har yau yana reto a gefensa kamar jiƙaƙƙiyar igiya. Likitocin Aswan sun ɗauki hotonsa sau uku, suna kiran junansu su zo su gani. Ya sayar da jirgin, yanzu da hagu yake auna wa mutane shinkafa a kanti. Ni ma ban ƙara sauka kogi ba, ko da rana tsaka, don na ji abin da aka ce mini. Duk inda Dahab ya zauna sai ya ba da labarin yadda surukarsa ta fizgo shi daga bakin mutuwa, kuma ba ya cin abinci sai na fara.

Sakina ce kaɗai ta taɓa tambayata, ranar suna, tana ba jaririn nono, ba ta dube ni ba.

"Inna, ya ce kin daɗe kafin ki kira sunansa."

"Tsoro ne ya ɗaure mini harshe," na ce.

Ta karɓa, ko ta yi kamar ta karɓa. Amma ni tsoro bai taɓa ɗaure mini harshe ba. Tun a yatsan farko bakina a shirye yake. Jira na yi sai da ta kai kafaɗa.