Kyandir a Gindin Bango

Akwai wata yarinya da gidansu ke bakin tafki a arewacin Sweden. Na'urar ɗumama gidan daga ruwan tafkin take jawo ɗumi, ko da samansa ya daskare. In sanyi ya fi ƙarfinta, sai hitar lantarki ta kama mata. Wani ɗan farin akwati a bangon waje shi ke gaya wa na'urar irin sanyin da ake yi.

Ranar bikin zagayowar haihuwar yarinyar, sanyi ya sauko kamar da gayya. Kaka Gunvor ta yi alkawarin kwana, amma da sharaɗi.

"In gwiwata ta ji sanyi, gida zan koma," in ji ta.

Da yamma Baba ya miƙa wa yarinyar babban kyandir na tarbar baƙi.

"Ki kai shi bakin shinge, nesa da bango."

Tana leƙawa waje, iska ta mari hancinta. Shingen da ke nan kusa ya koma mata kamar wani gari. Ta dasa kyandir a gindin bango, daidai ƙarƙashin akwatin, ta kunna, ta ruga ciki.

Baƙi suka zo, suka tuɓe takalma da manyan riguna. Ba a gama shan kofi ba, kowa ya lallaɓa ya ɗauko rigarsa.

Kawu Torbjörn, wanda ba ya yarda da komai sai murhun itace, ya samu abin da yake so.

"Ka ce tafki zai ɗumama ka? To ga shi, duk mun zama kifi."

Baba ya duba na'ura, ya sosa ƙeya.

"Wai zafi ake yi a waje. Ta kashe hita, ta tafi hutu."

"To a fitar mana da kujeru waje mu sha ɗumi," in ji Kawu.

Kaka ta shafa gwiwarta, ta ce a miƙo mata jakarta. Yarinyar ta ɗauko jakar amma ta ƙi miƙawa, don ta fi son kwanan Kaka a kan duk kyaututtukan.

"Baba," ta ce a hankali, "akwatin nan na bango yana jin zafin kyandir?"

Baba ya fita da gudu. Ya tarar akwatin ya yi baƙi da hayaƙi. Ya janye kyandir, jim kaɗan hita ta kama aiki.

"Me ya hana ki zuwa shinge?"

"Sanyi na ji. Ka yi haƙuri, Baba."

"Kin guji naki, kin raba wa kowa."

Kaka ta saurari gwiwarta na ɗan lokaci.

"Ajiye jakar nan, 'yar nan. Gwiwata ta ce a yanka kek."

Kaka ta kwana, har ta ƙara da wani kwanan. Tun daga ranar, inda aka ce yarinyar ta kai abu, can take kai shi. In ba ta gane dalili ba, sai ta tambaya.